Na ce zan riƙe yaran yayana, matarsa ta ji haushi: laifi na yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Matar yayana ta haifi tagwaye wata 4 da suka wuce, ga kuma manya biyu, mai shekara 6 da mai shekara 3. Da na je gidan na tarar kan babbar babu kitso, ƙaramin kuma ya rame. Sai na ce ta ba ni su kwana biyu ko sa ɗan murmure. Buɗar bakinta sai ta ce, "Ce miki aka yi na kasa?" Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu. Shin tayin taimako da yaran dangi cin fuska ne ga iyayensu? Daga wata baiwar Allah a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya saka miki da alheri a kan niyyarki. Tayin taimako ba cin fuska ba ne, zumunci ne, kuma a kansa muka taso. Mace takan koma gida wankan jego har ta yi arba'in, yaye a wurin kaka ake kai shi, kunyar ɗan fari ma kan sa kaka ko gwaggo ta riƙe yaro har ya girma, babu mai cewa uwar ta gaza.

Abin da ya ɓata lamarin shi ne kalmar "ko sa ɗan murmure". Ke tausayi kika nufa. Ita kuwa abin da ya shiga kunnenta shi ne: a hannunki suke ramewa, a hannuna za su yi kyau. Kin haɗa taimako da gyara a numfashi ɗaya, gyaran ya danne taimakon. Ki ƙara da cewa ke ƙanwar miji ce. Da ƙanwarta ciki ɗaya ce ta faɗi haka, wataƙila dariya za ta yi ta miƙa yaran. Amma maganar dangin miji nauyinta daban ne, domin mace ta san abin da aka gani a ɗakinta yau gobe yana iya zama hira a gaban surukarta. Ta kuma san sau da yawa "kwana biyu" kan zarce ya zama riƙon shekaru, ba tare da an sake neman ra'ayin uwa ba. Tsoron nan nata ba na banza ba ne, kuma ina ganin dangin miji ba su cika lura da shi ba.

Akwai darasi a tarihin Manzon Allah (SAW). Lokacin da fari ya tsananta a Makka, Abu Ɗalib na da iyali da yawa, sai Annabi ya je wurin baffansa Abbas ya ba shi shawarar su rage wa Abu Ɗalib nauyi. Ba su aika a ɗauko yara ba, da ƙafarsu suka je suka nemi yardarsa. Ya ce su bar masa ɗansa Aƙilu. Suka mutunta sharaɗinsa, Annabi ya ɗauki Aliyu, Abbas ya ɗauki Ja'afar. Maganar rage nauyi suka yi, ba maganar gazawa ba, kuma zaɓi na hannun uban yara. Suratul Baƙara aya ta 263 ta ce magana mai daɗi da yafiya sun fi sadakar da cutarwa ke biye da ita.

Wani abu kuma da bai kamata a tsallake ba: mai shayar da tagwaye ba ta samun barci, kuma rashin barci kaɗai kan sa mutum saurin fushi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 13 cikin 100 na masu jego kan yi fama da matsalar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa, adadin kuma ya kusa kashi 20 a ƙasashe masu tasowa. In kin ga yawan kuka, ƙin cin abinci ko janye jiki daga mutane har ya wuce mako biyu, to asibiti take buƙata, ba ƙorafi ba. Ramar yaron ma, in ta ci gaba, a kai shi a auna shi.

Yanzu kada ki bi ta wurin yayanki, kada kuma ki kai ƙara wurin Hajiya, don hakan zai tabbatar mata da abin da take tsoro. Ki je da kanki, da ɗan abinci a kwano, lokacin da babu baƙi. Ki ce, "Aunty, maganar rannan ban faɗe ta daidai ba, ki yi haƙuri. Tagwaye ba wasa ba ne, kina ƙoƙari." Daga nan ki yi tayin abu ƙarami takamaimai wanda za a yi a gidanta: wanki ranar Asabar, kai babbar yarinyar Islamiyya, ko goyon ɗaya daga cikin tagwayen ta samu ta runtsa. In ta yarda yaran su zo wurinki wuni, ki dawo da su a lokacin da ta ce, ki bi dokokinta na ci da kallo, kuma kada ki yi wa yarinyar kitso sai kin tambaye ta. In ta ce a'a, ki amsa da "to, ba komai", ki ci gaba da zuwa gaishe ta kamar yadda kika saba.