Kwanon maƙwabta, tukuici da godiyar washegari

Assalamu alaikum Hajara, 'yata. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da surukarki. Yaya baƙunta, yaya zafin Marwa?

Saƙonki ya iso. Kin ce maƙwabciyarki a unguwar Domayo ta aiko miki da tuwon masakwa da miyar yakuwa, kika wanke kwano kika mayar, kika tura mata "na gode" ta WhatsApp, amma surukarki ta ce ba ki yi godiya ba. Kina tambaya me ya sa sai an ba ɗan aike tukuici, me ya sa sai an taka washegari, kuma ko duk wannan ba mayar da kyauta bashi ba ne. Surukarki ta yi gaskiya, amma tambayarki ta ƙarshe tana da nauyi, zan zo kanta.

Abin yana farawa ne tun yaro yana bakin ƙofa. Ki tashi ki karɓa da hannu biyu, ki tambaye shi daga ina ko da kin gane kwanon, ki buɗe a gabansa ki yaba. Yaron nan idon uwarsa ne. Yana komawa za a ce masa, "Me ta ce?" Idan ya ce, "Ta ce in ajiye a can," to kin gama magana ba ki sani ba. Ki ba shi kalmar da zai iya ɗauka: "Ka ce na gani, na gode, Allah ya ƙara buɗi." Sannan tukuici. Na abincin yau da kullum sefa 25 ko 50 ya isa, naman suna ko na layya sefa 100, babbar kyauta irin turmin atamfa ko kaza kuwa sefa 500 har zuwa jaka ɗaya, wato sefa dubu. Kin san yadda canji yake wuya a nan, don haka ki keɓe ɗan gwangwani kina jefa tsabar da ta rage daga cefane. Ranar da babu, alewa biyu ko ƙosai uku sun wadatar. Ki ce masa, "Wannan naka ne," domin a wasu gidajen yaro yakan miƙa wa uwa abin da aka ba shi idan ba a fayyace ba.

Kada ki zarce. Tuwon da bai wuce na sefa 500 ba, idan kika ba da tukuicin jaka ɗaya, kin saye shi ke nan, kuma matar da ta dafa za ta ji haka a ranta. Gobe kuma yaran unguwa su dinga faɗa a kan wanda za a aika gidanki, mai ƙaramin ƙarfi ta ji nauyin sake aikowa. Yaba kyauta tukuici aka ce, ba a ce kuɗin kyauta ba.

Kwano kuma ki juye, ki wanke, ki mayar a ranar ko da sassafe, domin kwanukan mutane a ƙirge suke. Kada ya koma wayam: ƙwayar sukari biyar ko shida, ɗan dabino, ko tafin gyaɗa. Amma kada ki cika shi da abinci kwatankwacin wanda aka kawo a wannan ranar. Nan ne yawancin amare suke kuskure, suna ganin kyautatawa suka yi. Wadda ta rama nan take, daidai wa daida, cewa take yi, "Ba na son ki bi ni komai." Ki bari kwana uku ko mako ya wuce, ranar da kika yi dambu ko kika samu kifi mai kyau, sai naki kwanon ya tafi ba tare da an tuna wancan ba.

Sai taka ƙafa. Ki je da hantsi bayan an kammala aikin safe, ko bayan la'asar. Kada ki je lokacin da ake kwashe tuwo, sai ya zama kamar ƙari kika zo nema. Minti goma ko sha biyar ya isa. Bayan gaisuwa ki kira abin da sunansa, kuma ki karkatar da yabon kanta: "Jiya mun ga tuwo. Wannan miya ta sha hannu, ga ki da yara ga aiki, amma kika tuna da mu." Wannan ya fi "na ji daɗi ƙwarai" sau goma, saboda tana jin an ga wahalarta ita kanta. Idan Bafulatana ce ki haɗa da "useko" ko "mi yetti", ko da Fulatancinki bai nuna ba tukuna. Maƙwabciya Kirista, Bagiziga ce ko Batupura, ita ma haka za ki yi mata, ba ragi. Da dare ki gaya wa maigidanki wanda ya aiko, domin in ya haɗu da mijinta a masallaci ko a bakin titi ya ce, "An ga saƙo, an gode." Saƙon WhatsApp ba laifi ba ne, sai dai matsayinsa na sanar da cewa kwano ya iso.

Dalilin jinkirta godiyar zuwa washegari shi ne sabo. Zuciyar ɗan Adam tana saurin sabawa da alheri. Abin da ya faranta miki yau, bayan mako ya zama kamar haƙƙinki, ranar da bai zo ba kuma ki ji haushi. Idan kin san gobe za ki je ki faɗi abin da aka yi miki, dole ki riƙe shi a rai ki kwana da shi, kin ci tuwon sau biyu ke nan. Masana halayyar ɗan Adam sun gwada wannan. A 2005 Martin Seligman da abokan aikinsa a Amurka sun sa mutane su rubuta wasiƙar godiya ga wanda ya taɓa yi musu alheri ba su gode masa yadda ya kamata ba, su kai masa da kansu. Farin cikin masu kai wasiƙar ya ɗaga sosai, ya kai wata guda, amma zuwa wata uku ya koma inda yake. Ki lura da wannan ƙarshen. Godiya ta sau ɗaya tana ƙarewa kamar turaren wuta, shi ya sa iyayenmu suka ɗaura ta a kan abin da ba ya yankewa: kwano, ban gajiya bayan biki, barka da sauka, barka da arziki. Manzon Allah (SAW) kuma ya ce wanda bai gode wa mutane ba, bai gode wa Allah ba.

Mai bayarwa ma tana da rabonta. A 2008 Elizabeth Dunn da abokan bincikenta a Kanada sun ba mutane dala 5 ko dala 20 na ƙasar da safe, aka ce wasu su kashe wa kansu, wasu su kashe wa wani. Da yamma waɗanda suka kashe wa wani sun fi jin daɗi, kuma yawan kuɗin bai canza komai ba. Wato maƙwabciyarki ta riga ta ci ribar tuwonta tun da ta rufe kwanon. Zuwanki yana tabbatar mata ne cewa ya faɗa hannun da ya san darajarsa.

Yanzu batun bashi. Akwai wanda bashi ne, kuma ba a ɓoye shi: gudummawar biki. Ana rubuta ta a littafi, wance ta kawo jaka biyu, wance ta kawo sabulu da omo, ranar nata bikin a mayar mata, a ɗora wani abu in da hali. Wannan tsari ne na taimakon juna kamar adashi, ki riƙe littafinki da kyau. Kwanon maƙwabta kuwa ba a rubuta shi, kuma ranar da kika fara ƙirga "na aika sau uku, ta aiko sau ɗaya", ya lalace. Abin da yake mayar da kyauta bashi mai ɗaci shi ne gori, kuma Alkur'ani ya hana ɓata sadaka da gori da cutarwa a Suratul Baƙara, aya ta 264. Gori ba sai da baki ba. Ba da labarin abin da kika aika a gidan suna gori ne. Sauya fuska don ba a zo godiya ba, shi ma gori ne. Ke ki taka ki gode, amma kada ki zauna jiran a tako miki.

Inda wannan ya fi muhimmanci shi ne gidan da babu. A watan Agusta, lokacin da hatsin bara ya ƙare sabo bai nuna ba, za ki lura da gidan da hayaƙi ba ya tashi da yamma. Annabi (SAW) ya ce wa Abu Zarri in ya dafa romo ya yawaita ruwansa ya kula da maƙwabtansa, don haka ba sai kin jira yalwa ba, ƙarin gwangwani ɗaya na gari a tukunya ya isa mutum biyu. Ki aika bayan magariba, a rufe, ta hannun yaron da ba shi da surutu. Kada ki ce "ga sadaka", ki ce "ga ɗanɗano". Kada ki aika na jiya da ya fara tsami, ko ƙanzon da ke kanki ba za ki ci ba. Idan ta ba yaronki sefa 25, ko ta sako kuɓewa huɗu a kwanon, ki karɓa ki yi godiya ta gaske. Na san zuciyarki za ta ce ki mayar mata tunda ta fi ki buƙata. Kada ki yi, 'yata. Kuɓewar nan ita ce ta bar ta a matsayin maƙwabciya, in kika mayar kin sauke ta zuwa mai bara, kuma ba za ta ƙara sakewa da ke ba. Tausayin da yake sa mutum sunkuyar da kai in ya hango ki, da sauran gyara a cikinsa.

Ita wannan da ta aiko miki tuwon, lokaci bai ƙure ba. Gobe da hantsi ki yafa mayafinki ki shiga. Kada ki tsaya dogon ban haƙuri, ki ce baƙunta ce ta sa kika makara, ki yabi miyar, ki tambaye ta inda take sayen yakuwarta a kasuwa. Ki riƙe sefa 50 a hannu saboda yaron da ya kawo, in kin gan shi a tsakar gida. Idan kin dawo ki gaya wa surukarki kin je.

Ki gaishe ta da kyau, ki gaida maigidanki. Mutanen Yelwa duk suna gaishe ki.

Goggonki, daga Garwa.