Ina kamfanin TSR ya shiga?

Ɗan'uwa, ka tambaya wane ne ya fara buga wasan Dungeons & Dragons (wasan tebur da kowane ɗan wasa ke taka rawar wani jarumi a cikin labari), kuma me ya sa yanzu ba a ganin sunansa a jikin kwalin. Amsar ita ce TSR, ƙaramin kamfani da abokai biyu, Gary Gygax da Don Kaye, suka kafa a 1973 a garin Lake Geneva na jihar Wisconsin a Amurka. Jarinsu bai taka kara ya karya ba, har sai da Brian Blume ya shigo da kuɗinsa kafin su iya buga wasan da Gygax ya tsara tare da Dave Arneson. A 1974 ya fito, kwafi 1,000 kacal, ƙananan littattafai uku a cikin kwali, ana sayarwa dala 10.

Abin da ke taɓa ni a tarihin nan shi ne Kaye. Ya rasu a farkon 1975, bai ga yadda abin da ya sa hannu a ciki ya bazu a duniya ba.

Da kasuwa ta buɗe sai rigima ta kunno kai. A 1985 kamfanin ya suɓuce daga hannun Gygax, Lorraine Williams ta karɓi ragama. Daga baya suka yi ta buga kaya fiye da abin da masu saye ke iya ɗauka, aka dawo musu da tarin littattafan da ba a sayar ba, bashi ya yi musu katutu. Kamfanin wasanni na Wizards of the Coast ya saye TSR a 1997, shi kuma Wizards kamfanin kayan wasa na Hasbro ya saye shi a 1999. Sunan Wizards ne kake gani a kwalin yanzu.