Igiyar teku za ta iya kawo wa Maradi wuta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mai walda ne a unguwar Zariya, nan Maradi. Ƙanena direban babbar mota ne, ya daɗe yana ɗauko kaya daga Kwatano. Ya ce mini ruwan teku ba ya hutawa dare da rana, kuma wai Turawa na samun wutar lantarki daga wannan motsi. In gaskiya ne, me ya hana a yi, a jawo mana? Rabin ribata a man inji take tafiya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ƙanenka bai yi ƙarya ba. Ni ma ranar da na fara tsayawa a bakin teku a Kwatano, na daɗe ban ce uffan ba. Ɗan da ya tashi yana ganin Gulbin Maradi ya cika da damina ya koma rairayi da rani, ga shi gaban ruwan da ke dukan gaɓa ba sassauci. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne naka: wannan ƙarfi duka a banza yake tafiya?

Ana yi. A garin Mutriku na ƙasar Sifen, tun 2011 akwai ɗakuna 16 da aka gina cikin katangar da ke kare tashar jiragen ruwa. Igiya ta shigo ta ƙasa, ruwa ya taso ya matse iskar da ke ɗakin, iskar ta fita ta juya farfela. Ruwa ya janye, iska ta dawo ta sake juya ta. Kamar zugazugin maƙeri ne, sai dai teku ke zugawa. Amma ƙarfin tashar duka kilowat 296 ne. Tashar sola ta Malbaza, mai megawat 7, ta ninka ta fiye da sau 20.

Babbar wahalar kuwa kai ka fi kowa saninta. Idan ka ɗora sandar walda a kan ƙarfe, ka lura da ƙwan lantarkin maƙwabcinka mai shago? Ya dushe, ya dawo, ya dushe. Injinka ne ke fizgar wuta lokaci guda ya sake. To igiyar teku haka take ba da wuta: ta turo da ƙarfi, ta ja baya, cikin ƴan sakanni. Layin wutar ƙasa kuwa ba ya son wannan ko kaɗan. Wutarmu tana bugawa sau 50 a sakan, kuma abin da ake zubawa a layi dole ya yi daidai da abin da ake sha a kowane lokaci. In ya karkace sosai, na'urorin kariya su yanke, gari ya yi duhu. Don haka sai an sa batura ko wata ƙafar ƙarfe mai nauyi da ke juyawa tana ajiye ƙarfi, sai an jera injuna da yawa yadda igiya ba za ta same su lokaci ɗaya ba, kafin wutar ta kwanta a yarda ta hau layi. Kowanne kuɗi ne. Ga wayar da za a shimfiɗa a ƙarƙashin ruwa, ga gishiri da ke cin ƙarfe. Ka tuna yadda ƙofar da ba a yi wa fenti ba take komawa bayan damina biyu, sannan ka ɗauka a cikin ruwan gishiri take kwana.

Sai kasuwa. Kamfanin rarraba wuta ɗan kasuwa ne, mai araha yake nema, banki kuma ba ya ba da bashin gina tasha sai ya ga yarjejeniyar sayen wutar ta shekaru. A 2008 Fotugal ta buɗe tashar Agusadura da injuna 3 masu shawagi a kan teku, ƙirar kamfanin Pelamis, jimillar ƙarfinsu megawat 2.25, bayan gwamnati ta sa wa irin wannan wuta farashi na musamman. Cikin ƴan watanni aka janyo su gaɓa, ba su koma ba, kamfanin Pelamis kuma ya durƙushe a 2014. Labarin yana ba ni takaici, don igiya tana da abin da sola ba ta da shi: tana aiki da dare, kuma ana iya hasashen ƙarfinta kwana biyu ko uku kafin ta iso, abin da mai tsara layin wuta ke matuƙar so.

Mu fa? Tsakaninmu da teku ya wuce kilomita 800, kuma igiyar gaɓar Benin da Najeriya ba ta kai ta Fotugal ko Sikotilan ƙarfi ba. Duk da haka ba sai an ja mana waya ta musamman ba. Layin kilobolt 132 da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa shi ke kawo wa Maradi da Damagaram wuta, kuma duk abin da aka zuba a layin Najeriya, daga dam ne ko gas ko teku, a gauraye yake zuwa. Don irin wannan cinikin ne aka kafa kasuwar wuta ta Afirka ta Yamma a 1999. Sai dai mun ga iyakarsa da idonmu: a Agustan 2023 aka yanke wutar Najeriya saboda takunkumi, ba ta dawo ba sai Maris ɗin 2024.

A ganina, Malam, kada ka jira teku. Aikinka na rana ne, rana kuma a kan rufin shagonka take. Rubuta kuɗin man da kake sha na wata uku, ka kai wa mai haɗa sola da ka yarda da shi, ka tambaye shi ƙaramin injin walda na zamani, marar nauyi, wanda ba ya fizgar wuta kamar tsohon mai tiransifoma. Ka ce ya gwada maka shi da sandar da ka saba aiki da ita kafin ka ba da ko dala.