Ƙaramar hukumarmu na son jawo baƙi: otal za mu fara ginawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni kansila ne. A yankinmu akwai dutse mai tarihi, da ragowar ganuwa, da bikin kokawa da ake yi duk shekara bayan kaka. Ciyaman yana so a sa kuɗin gina otal da babbar ƙofa ta karɓar tikiti a kasafin baɗi, domin jawo 'yan yawon buɗe ido. Daga nan ya kamata mu fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Honarabul. Da ni ne a kujerarka, da na roƙi ciyaman ya jingine zancen otal tukuna. Otal yana bin baƙi ne, ba ya kawo su. Na taɓa kwana a wani masauƙin ƙaramar hukuma da aka buɗe da kiɗa da yanka jan ƙyalle. Bayan 'yan shekaru famfo ba ruwa, maigadi ne kaɗai ma'aikaci, awakinsa na kwance a barandar ɗakin taro. Ba a rasa gini ba, dalilin zuwa aka rasa.

Ka duba Argungu a jihar Kebbi. Bikin kamun kifi ya fara yin suna ne tun 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara garin, alamar an binne tsohuwar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwato. A 2016 UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su. Amma gasar kanta, wato sa'ad da dubban masunta ke rugawa cikin kogin Matan Fada da homa da gora, ba ta wuce kamar awa guda. Da wannan kaɗai ake yi, baƙo zai iso da hantsi ya juya da la'asar, bai sayi komai ba sai ruwan leda. Abin da ke riƙe shi kwanaki shi ne kabanci, wato wasannin cikin ruwa, da kokawa, da dambe, da baje kolin amfanin gona, da gidan tarihi na Kanta. Baƙon da ya kwana shi ne zai ci tuwo da daddare, ya sha shayi da safe, ya hau babur, ya sayi tsaraba. Nan kuɗin yake. Saboda haka tambayar da majalisarku za ta yi ba ita ce mutum nawa za su zo ba, a'a, me zai sa wanda ya zo ya kwana.

Argungun kuma ta nuna ɗaya fuskar. Bikin ya tsaya kusan shekara goma kafin a dawo da shi a 2020. Garin da ya rataya arzikinsa a kan mako ɗaya cikin shekara, ranar da makon ya kuɓuce sai kowa ya ji a jikinsa.

To me ke hannunku? Ka buɗe jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999. Ayyukan da ya ba ƙananan hukumomi sun haɗa da kasuwanni, tashoshin mota, makewayin jama'a, kwashe shara, titunan cikin gari da fitilunsu, sanya wa tituna suna, da sa ido kan gidajen abinci. Har lasisin kwalekwale da amalanke yana ciki. Ba a rubuta yawon buɗe ido a jerin ba, amma duk abin da baƙo zai taɓa daga saukarsa a tasha yana ciki. Kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, jama'a sun ƙara sa muku ido.

Kada ka raina zancen makewayi. Malamar da ta kwaso ɗalibai mata hamsin a bas, in ta tarar babu bayan gida mai tsabta da ruwa a gindin dutsen nan, ba za ta sake zuwa ba, kuma za ta faɗa wa 'yan'uwanta malamai. Waɗannan ɗalibai, da iyalan da ke neman wurin fita ranar yawon sallah, da 'yan garin da ke zaune Kano ko Abuja suna dawowa gida, su ne baƙinku na farko. Bature mai kyamara, in zai zo, daga baya ne, kuma shi ma sai ya ji hanya lafiya. Batun tsaro ya fi ƙarfinku ku kaɗai, amma zama da DPO da hakimi da 'yan sintiri kafin biki bai fi ƙarfinku ba.

Game da ƙofar tikiti, a yi hattara. Dutsen da mutane suka saba hawa kyauta tun kaka da kakanni, in aka wayi gari an katange shi ba tare da sanin fada ba, rigima za a saya. A fara da sarki da masu unguwa da dattawan da suka san tarihin wurin. A zaɓi samari biyar ko shida su zauna gaban dattawan nan su koyi labarin, a ba su riga da katin shaida, a yanka musu kuɗin rakiya. Ganuwar kuma kada a shafe ta da siminti da sunan gyara. Maginan gargajiya za a nemo, kuma a tuntuɓi hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa kafin a taɓa ta.

A bikin bana, ku ajiye mutum biyu a tasha da littafi. Su tambayi kowane baƙo daga ina ya zo, zai kwana ko zai juya, a ina zai kwana, me ya nema bai samu ba. In littafin ya nuna mutane na kwana a masallaci da shagunan abokai don rashin ɗaki, sai ku ba ɗan kasuwa fili da sauƙin haraji ya gina masauƙin da kuɗinsa.