Amsa ga ɗan'uwan da namijin barewarsa ya ɓace daga kyamara

Salamu alaikum. Malam, da na karanta tambayarka sai da na ajiye waya na yi jim, don kamar labarina ka rubuta. Ka ce tun Yuni ka ɗaure kyamara biyu, irin masu ɗaukar hoton namun daji da kansu, a bakin gonar waken soya, wani namijin barewa mai ƙaho mai rassa goma yana fitowa kusan kullum da yamma shi da abokansa uku, kana ta kallon ƙahonsa yana tashi mako bayan mako, sai ga shi tun satin farko na Satumba ko ƙyallinsa babu. Kana tambaya ko kai ka kore shi, ko mutuwa ya yi, ko wani ne ya riga ka, ga shi farautar baka a nan jihar Ohayo ta Amurka saura kwanaki a buɗe.

Ka kwantar da hankalinka tukuna. Galibi yana nan da ransa, ƙaura kawai ya yi. Ni shekarata ta farko da kyamara har kwana na yi ban runtsa ba a kan wannan, ina ta lissafin sau nawa na shiga wurin, ko turaren rigata ne, ko tarin da na yi ranar da na je canza memori. Ashe abin ɗabi'arsu ce. Duk tsawon Yuni, Yuli da Agusta mazan tafiya suke a garke, ba faɗa ba gaba, saboda ƙahon yana lulluɓe da wannan fata mai kama da karammiski, jini na gudu a ciki, ko ɗan bugu ya samu sai ya ji ciwo ko ya karkace. Da rana ta fara gajarta a ƙarshen Agusta, sinadarin mazantaka ya hau a jininsu, jinin ƙahon ya yanke, fatar ta bushe, su goge ta a jikin ƙananan itatuwa, wani lokaci cikin kwana ɗaya an gama. Daga ranar nan zumunci ya ƙare. Waɗanda jiya suke lasar juna, yau kallon kishiya suke yi wa juna, kowa ya kama gabansa. A daidai lokacin kuma ganyen waken soya ya fara yin rawaya, daɗinsa ya tafi, 'ya'yan itacen ok sun fara zuba a cikin daji. To me zai fito nema a filin Allah? Abincinsa na faɗo masa a bakin makwanci.

Don haka ka cire kyamara ɗaya daga bakin gonar nan. Ka shiga ciki ka nemi inda farin itacen ok yake zubar da 'ya'ya, za ka ga ƙasa a tone da kashi sabo. In Oktoba ta kama ka nemi wuraren da suke karce ƙasa da kofato a ƙarƙashin reshen da ya sauko daidai kansu, suna fitsari a wurin suna goga fuska a reshen. Duk namijin da ke unguwar sai ya biyo ta nan, yawanci da dare. Idan a nan ma bai fito ba har tsakiyar Oktoba, to ya koma wani daji can gaba, wataƙila mil ɗaya, wataƙila fiye, sai dai ka yi addu'ar barbarar Nuwamba ta jawo maka shi.

Ni ma na taɓa samun nawa. Tsage nake ce masa, saboda kunnensa na hagu a tsage yake tun daga tsakiya har baki. Ka riƙe wannan ma: kar ka dogara da ƙaho wajen gane namiji daga shekara zuwa shekara, tunda kowane hunturu zubar da shi yake ya sake sabo. Ka nemi tabo, ko tsagar kunne, ko yadda farin maƙogwaronsa yake. Shekara uku ina bin Tsage a gonar wani dattijo Bature a gundumar Coshocton, mutumin kirki, kowace shekara da hannunsa yake sa min hannu a takardar izini, ni kuma in kai masa kilishi in taya shi gyaran shinge. Shekarar farko rassa takwas ne sirara, ƙafafu dogaye kamar ba nasa ba, na ƙyale shi. Ta biyu ya zo min har ƙarƙashin bishiyar da nake kai, taku ashirin bai cika ba, na ɗaga baka na sauke, na ce a'a, bari ya ƙara shekara. Kun san dokar nan, namiji ɗaya ne rabonka a shekara, na ƙare da harbin mace don nama. A shekara ta uku wallahi tun farkon Yuli na san ya zama wani abu. Gindin ƙahon ya yi kauri kamar damtsen yaro, kan rassan a dunƙule kamar tabarya, alamar bai gama fitowa ba. Zuwa farkon Agusta faɗinsa ya wuce kunnuwansa sosai, ga wani ɗan reshe da ya sauko ƙasa ta dama kamar ɗankunne.

Nan ne shaiɗan ya shiga. Bayan sallar Juma'a muna tsaye a wurin ajiye motoci, daɗi ya ɗebe ni, na zaro waya na nuna wa wani hoton. Ba baƙo ba ne. Mutum ne da ni na kai shi ya yi kwas ɗin lasisi, ni na ara masa baka, matata ta sha dafa masa abinci lokacin iyalinsa ba su iso ba. Sau ɗaya tak na taɓa kai shi gonar, ya taya ni jan nama. Ashe a bayan hoton ana hango tsohuwar rumfar ciyawa mai jan rufi, shi kuma bai manta ta ba. Ya ce masha Allah, Allah ya sa rabonka ne. Har kafaɗata ya dafa.

Sati na biyu da buɗe farauta aiki ya riƙe ni, sai ranar Lahadi na samu zuwa. Tun kafin in kai rafi wari ya tare ni. Na bi warin. Ga wani namijin barewa yana kwance a cikin ruwa iya idon sawu, cikinsa ya kumbura, ƙudaje sun yi baƙi a kansa, ga ramin kibiya can baya wajen tumbi, inda ko yaro ya san ba a harbi. Babu kai. An yanke daga wuya an tafi da shi, an bar naman da zai ciyar da gida wata da watanni ya zama mushe. Na tsaya ina ce wa kaina ai ba lallai shi ba ne, bareyi nawa ne a dajin nan. Na je na cire memorin kyamarar da na ɗaure can sama a jikin bishiya, wadda ba kowa ke lura da ita ba, na zauna a cikin mota na buɗe. Ga mutumina ranar Talata da yamma yana shiga da baka. Ga shi ranar Laraba yana dube-dube a ƙasa. Ga shi ranar Asabar yana fitowa da kai a hannu, kunnen nan tsagagge yana lilo. Kwana huɗu dabbar nan tana fama ko tana ruɓewa. Wallahi ban san tsawon lokacin da na yi a motar nan ba. Hannuna rawa yake, na kasa sa makulli.

Abin da ya fi ƙona min rai ma ba ƙahon ba ne. Ba shi da takardar mai gona, ta shingen maƙwabci ya tsallako. Da na kira jami'in kula da namun daji na gundumar, da hotunan nan sun ishe shi shaida. Dattijon da kansa ya ce in kira. Ban kira ba. Na tuna 'ya'yansa, na tuna yadda za a ce wane ya kai ɗan'uwansa ga hukuma a ƙasar mutane saboda ƙahon barewa. Da na tare shi da maganar, ko kunya babu, ya ce ai dabbar daji ta Allah ce, ba a rubuta sunana a jikinta ba, kuma shi bai san ita ce tawa ba. Bai sani ba! Mutumin da ya ƙara girman hoton da yatsunsa biyu yana ƙirga rassa a gabana. Har yau muna haɗuwa a sahu ɗaya, muna gaisawa sama-sama, bakan da na ara masa ma bai dawo da shi ba. Dattijon kuma shekarar da ta biyo ya ce ya gaji da ganin baƙin fuska a gonarsa, ya rufe wa kowa, har da ni. Ban ga laifinsa ba.

Na yi nisa, ku yi haƙuri. Abin ne in ya taso sai na faɗe shi.

Batun auna ƙaho da ka haɗa a tambayar, ni dai ga abin da na gani. A Yuni da Yuli babban namiji kan ƙara kusan rabin inci a rana, shi ya sa hoton sati biyu baya yake zama kamar na wata dabba. Zuwa farkon Agusta tsawo ya kusa ƙarewa, abin da ya rage ƙarfafawa ce. In ka ga kan rassan ya fara tsini, shi ke nan, abin da ka gani shi za ka samu. Kuma karammiskin nan maƙaryaci ne, yana ƙara wa ƙaho kauri, ranar da ya goge za ka ce an sauya maka shi. Ni da kunne nake aunawa: in ya miƙe kunnuwa yana kallon kyamara, daga bakin wannan zuwa bakin wancan wajen inci 16 ne, sai ka duba ko ƙahon ya wuce nan. Shekaru kuwa kar ka yanke hukunci da hoton Yuli, lokacin wuyansu duka siriri ne. Ka jira Oktoba. In wuya ya haɗe da ƙirji, ciki ya ɗan sauko, ƙafafu suka zama kamar gajeru, ya manyanta. Ƙaho ba ya kai ƙarshen girmansa sai wajen shekara biyar zuwa shida, shi ya sa muke ta haƙurin da wasu ke cin moriyarsa.

Sau nawa kake zuwa duba kyamarar? In duk bayan kwana uku ne, to kai ma da hannunka a ciki. Ni yanzu sati uku nake yi, da tsakar rana, da takalmin roba, in so samu ana shirin ruwa don ya wanke sawuna. Wadda ke turo hoto ta waya ta rage wannan wahalar, sai dai kuɗin wata-wata, kuma tana mai da mutum kamar mahaukaci, ƙarfe uku na dare kana duba waya. Ka fuskantar da ita arewa, in ba haka ba rana za ta cika maka memori da hotunan wofi, kuma ka share ciyawar gabanta. Batirin litiyam ka saya, masu arha da sanyi ya sauko sun mutu. Ka gyara kwanan wata da agogo, na taɓa yin wata guda ina murnar yana fitowa da rana, ashe agogon ne a juye. Tururuwa ma suna shiga su yi gida a ciki. Kai kanka ka riƙa duba jikinka in ka fito, kaskar dajin nan ba irin ta shanunmu ba ce, ƙarama ce kamar ƙwayar riɗi, tana sa cutar Laim, wani abokin aikina ya sha jinya a kanta.

Gishirin lasa kuma ka bi a hankali. Yana tara su gaban kyamara a watannin zafi kamar yadda kanwa ke tara shanu, amma a filin gwamnati haramun ne, haka ma a yankin da aka killace saboda cutar nan mai cin ƙwaƙwalwarsu, wadda aka fara samu a barewar daji a gundumar Wyandot a 2020. Hardin da Marion ma suna ciki. Ba ka faɗi gundumarku ba, ka duba littafin dokoki na bana kafin ka zuba komai. Masu zuwa wasu jihohi ma ku kula, Arizona ta hana amfani da kyamara don farauta tun 2022, Kansas ta hana a filayen gwamnati a 2023.

Matata kullum cewa take ƙaho ba ya shiga miya. Da gaskiyarta. Ranar da na dawo daga rafin nan ban iya cin abinci ba, ta ce duk wannan a kan abin da za ka rataya a bango ne? Na rasa amsa. Yanzu da an buɗe nake fara harbin mace, in yi bismillah, in na tarar da sauran rai in yanka, firiza ta cika, sannan in zauna jiran mai ƙaho ba tare da ciwon ciki ba.

Abu ɗaya ne zai sa in ce wataƙila naka ya mutu: in an yi fari a wajenku a Agusta. Akwai ƙananan ƙudaje da ke fitowa daga taɓon bakin ruwa, cizonsu na sa musu zazzaɓi mai zafi, su nufi ruwa su mutu a can cikin 'yan kwanaki, kuma ba ya lafawa sai sanyin farko ya kashe ƙudajen. Ka zagaya bakin rafi da tafki sau ɗaya, hancinka zai gaya maka, ko ka ga ungulu na shawagi. In abokansa uku suna nan lafiya a hoto, ban jin ita ce.

In kana kusa da birnin Kolombas ka kira ni ranar Asabar, in duba taswirar wurin tare da kai in nuna maka inda zan sa kyamara da ni ne. Amma ka rufe sunan hanya da yatsa. Hoton da ka saka a nan kuma ka goge shi yau, na hango tankin ruwa a bayansa.