Ƙanena na Garwa, kada arhar inshora ta ruɗe ka

Na ga saƙonka. Ka ce shekararka 28, ka samu gurbin digiri na biyu a nan Jamus, kuma wani dillalin biza ya nuna maka inshorar lafiya ta kamfani mai zaman kansa da kuɗinta bai kai rabin ta gwamnati ba. Kana tambaya wace za ka ɗauka.

Ɗauki ta gwamnati, su TK ko AOK. Ga dalilina.

A gida mun saba ka biya kafin likita ya dube ka. Ko shirin CSU, wato shirin kula da lafiyar kowa na gwamnatin Kamaru, da aka ƙaddamar a Afrilun 2023 bai wuce wasu rukunai ba, irin su yara 'yan ƙasa da shekara 5, masu wankin ƙoda, da masu juna biyu da ke sayen cekin lafiya na sefa 6,000. Nan kuwa kowa dole ya yi inshora, jami'a ma ba za ta yi maka rajista ba sai da ita. Amma kasuwar biyu ce. Ta gwamnati, wadda tushenta ya faro tun 1883 zamanin Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus na lokacin, aljihunka take dubawa: kashi 14.6 cikin ɗari na albashi da ɗan ƙari, wanda ya ɗauke ka aiki ya biya rabi. Ba ruwanta da furfurarka ko tsohon ciwonka. Ta kamfani kuwa shekarun da ka shiga da su take ƙirgawa, da lafiyar jikinka. Saurayi mai jini a jika arha yake, shi ya sa suke yi maka murmushi. Irin takardar dillalinka kuma sau da yawa ba ta ɗaukar ciwon da ka zo da shi. Na san wani ɗan Marwa mai sikila da sai a gadon asibiti ya gane haka.

Inda tarkon yake: in ka sa hannu cewa ka yafe ta gwamnati a farkon karatu, ba komawa har ka gama. Wanda kuma ya daɗe a ta kamfani har ya kai 55, da wuya ƙofar ta sake buɗuwa masa, ko kuɗin ya yi masa nauyi. Ga maganar iyali: in Allah ya sa amaryarka ta biyo ka, ta gwamnati za ta rufa mata da yara asiri ba ƙarin ko sisi, muddin ba ta da albashi. Kamfani kowane kai da kuɗinsa.

Ba wai ta gwamnatin ma ta manta da shekaru ba ne. Farashin ɗalibi, wajen yuro 140 a wata, yana ƙarewa da zangon da ka cika 30, daga nan ya haura 200. Don haka zancen da Baffa yake yi na ka dakata shekara biyu ka tara kuɗi, ka zauna da shi ku yi lissafi. In ka iso bayan ka cika 30, farashin ɗalibi ya riga ya wuce ka.

Ka turo mini hoton takardar dillalin kafin ka biya shi komai. A gaida Inna.