Me ya sa ƙirgen wayata ya tsaya a 2,147,483,647?

Tambaya: Malam, akwai wani wasa da nake yi a waya, makina ya kai 2,147,483,647 sai ya tsaya cak, ko na ci ba ya ƙaruwa. Wayar ce ta lalace, ko kuwa akwai wani sirri a wannan lamba?

Amsa: Wayarka lafiyarta lau, Malam, iyakar ma'ajin da masu wasan suka tanada ce ka taras. Kwamfuta ba ta san komai ba sai 0 da 1, kuma tsofaffin manhajoji da yawa suna ware wa kowace lamba gurbi 32, waɗanda ake kira bit. Gurbi ɗaya yana nuna ko lambar tana sama da sifili ko ƙasa da shi, saura 31. Idan aka cika su duka da 1, abin da ake samu shi ne biyu sau biyu har jere 31, a cire ɗaya, wato lambar da ka gani. Masu wasanka ma sun kyauta da suka tsayar da ƙirgen, domin a wasu manhajojin ƙarin ɗaya kacal yakan juyar da shi ya koma 2,147,483,648 ƙasa da sifili.

Sirri kuwa akwai, amma na lissafi ne. Wannan lamba ba ta rabuwa daidai da kowace lamba sai ɗaya da ita kanta, kuma Leonhard Euler, masanin lissafi ɗan ƙasar Siwizalan, ya tabbatar da haka a 1772. Tana cikin jerin da ake dangantawa da Marin Mersenne, wani malamin coci na Faransa, wato lambobi marasa rabuwa da ake samu idan an yi ta riɓanya biyu aka cire ɗaya: 3, 7, 31, 127 da sauransu, lambar taka ita ce ta takwas. Abin da ya fi burge ni shi ne, 31 ɗin da ta haife ta ita ma 'yar jerin ce, kuma irin waɗannan huɗu kawai aka sani. Wannan rashin rabuwa ne ya sa masu manhaja suka daɗe suna amfani da ita wajen samar da lambobin kan-mai-uwa-da-wabi.

Tana kuma da alaƙa da agogo. Na'urori masu yawa suna ƙirga daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairun 1970, kuma ƙirgen zai kai wannan iyaka ranar 19 ga Janairun 2038, da ƙarfe 4:14 na asuba agogon Najeriya da Nijar. Na'urar da ba a gyara ba za ta ɗauka tana cikin Disambar 1901. Sababbin wayoyi sun koma gurbi 64, inda iyakar ta haura tiriliyan miliyan tara, sai dai ita wannan sabuwar lamba tana rabuwa da 7 da 73 da 127.